Kashi Na Uku Bai Zo Ba

Ruƙayyatu na cikin goge allo ta ji kukan kamiyon kasuwa yana shigowa Belbeji. Ba ta leƙa ba. Shekara biyu ke nan da aka kawo ta koyarwa wannan lakwal, kuma tun watan farko ta hana kanta leƙen motoci, don wadda take jira ba ta biyo wannan hanya.

Sai ga sallama a bakin aji. Gwaggo Kaltuma ce, ƙanwar mahaifinta, da ƙunshin kaya a ka. A bayanta Attahir ne, komi, wato magatakarda, a ofishin gwamnati na Tanut, ya sha farin wando da takalmi sau-ciki, yana share gumi da hankici.

"Gwaggo! Ke ce da kanki a saman kamiyo?"

"Ni ce, 'yar nan. Ƙasusuwana sun ce ba su yafe miki ba."

Aka shimfiɗa wa Attahir tabarma a gindin aduwa, su kuma suka shige ɗaki. Gwaggo ba ta ko shanye furar da aka dama mata ba ta ajiye ludayi.

"Ubanki ya ce ran kasuwa mai zuwa yana nan tafe. Sau uku mutanen Attahir na zuwa, sau uku yana ce musu su dakata. Ba zai tilasta ki ba, kin san ba halinsa ba ne. Amma yana so ya ji daga bakinki cewa kin cire ɗan silimar nan daga ranki."

"To ya taho da haƙuri, Gwaggo, don ba zai ji ba."

Nan take idon Gwaggo ya kawo ruwa.

"Shekararki ashirin da uku, Ruƙayyatu. Ƙannenki biyu sun haihu. In na shiga gidan suna sai mata su yi tsit, na san kuwa zancen wa na katse. Me yaron nan ya ba ki? Gona gare shi? Raƙumi gare shi? Baki kawai!"

"Bakin nan kuwa ke ma ya sa ki kuka. Ina kusa da ke. Har gefen zanena kika ja kika share hanci."

"Allah ya shirye ki," in ji Gwaggo, tana dariya tana hawaye.

* * *

A kakar 1964 motar silima ta fara zuwa Tanut. Aka kafa sanduna biyu a filin lakwal aka ɗaura farin ƙyalle. Da an idar da sallar isha sai a tada inji. Maza a gaba, mata a baya bisa tabarmi, Buzaye kuwa can ƙarshe a kan raƙumansu, su suka fi kowa gani.

Fim ɗin na Indiya ne, kashi uku, kowane kashi sai mota ta zagayo. Ranar da kogi ya bayyana a ƙyallen, cike yana tumbatsa, wata tsohuwa ta nannaɗe tabarmarta kada ta jiƙe. Har yau ana tsokanar jikokinta.

Idrisa ne mai fassara. Yana tsaye gefen inji da lasifika a hannu, shi ne muryar kowa. Shi ya raɗa wa yarinyar fim ɗin suna Dado, 'yar mai rini, saurayinta mai kwalekwale kuma Ɗan Azumi. In tsoho ya yi magana Idrisa ya tsufa, in Dado ta yi magana muryarsa ta yi taushi har maza su sunkuyar da kai. In aka soma waƙa sai ya sauke lasifika. Ta ƙare ya ce, "Abin da ta faɗa, kowace mace a nan ta sani."

Mutanen gari suka ce ai a hanyar Makka ya koyi Indiyanci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Sai dai a ƙasan hoton akwai rubutun Faransanci yana wucewa, kuma a duk sahun mata Ruƙayyatu kaɗai ke iya karanta shi. Rubutu ya ce damina ta makara. Idrisa ya ce, "Tun da ka tafi ko tuluna bai yi sanyi ba." Ta toshe baki tana dariya. Kafin a kai tsakiyar fim ta daina kallon ƙasa.

Washegari ta same shi yana naɗe waya a filin lakwal.

"Malam mai Indiyanci, ka san ana rubuta abin da suke faɗa?"

Ya ɗago, ya dube ta, ya ci gaba da naɗin wayarsa.

"Ku ku karanta ƙasa, Malama. Ni fuska nake karantawa."

Daga nan ne. Wata bakwai yana zagayowa da ƙananan finafinai, wata bakwai tana samun dalilin da zai tsayar da ita a lakwal bayan an tashi yara.

Da kashi na biyu ya zo, mahaifinta ya zo kallo. Malam Jibo Tafinta, wanda ya yi shekara ashirin yana tsaye tsakanin kwamanda da talakawan Damargu kafin 'yancin kai. Aka sa masa kujera a gaba. Aka zo inda tsohon mai rini ya tsaya bakin ƙofa yana yi wa Dado magana. Ruƙayyatu ta saci kallon rubutu: "Fita. Ba ni da ɗiya."

Idrisa ya ce, da muryar tsoho tana rawa, "Je ki, ɗiyata. Amma kada ki yi nisan da in na kira ba za ki ji ba."

Fili ya ɗauki kuka. Malam Jibo ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya tafi gida.

Da kawun Idrisa ya zo wajen Malam Jibo neman izinin aurenta, kalma kaɗan ya samu.

"Na san sana'ar nan ciki da bai. Wanda ya saba sa maganarsa a bakin wani, a tafa masa, ba ya dainawa. Matarsa ba za ta taɓa sanin ranar da yake gaskiya ba. Ba zan ba shi uwata ba."

Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ba a yi wata biyu ba takarda ta fito, an mai da ita Belbeji, inda motar silima ba ta zuwa. Ta san hannun da ya nemi takardar. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗaure akwatinta da kanta, ta hau kamiyo kanta a sama.

Tun daga ranar, duk bayan wata uku ko huɗu wani Buzu mai gishiri zai tsaya ƙofar lakwal ya ce, "An ce a gai da Malama. An ce kashi na uku bai zo ba tukuna."

Iyakar saƙon ke nan. Da shi ta yi shekara biyu.

* * *

Da la'asar ta fito wajen Attahir, Gwaggo na daga bakin ƙofa tana tsinke zogale. Ya gyara zama, da gani ya taho da labari.

"Malama, na ga ƙarshen fim ɗinki."

Ta ɗago kai. "A ina?"

"A Kano, da na je hutu. Turawa sun sake yin sa da Ingilishi. Guda ɗaya, ba kashi-kashi ba. Ga launi! Ba waƙa, ba koke-koke, awa ɗaya da rabi an gama kowa ya kama gabansa."

"Ina uwar Dado?"

"Sun cire ta. Ba ta da wani aiki a labarin."

"Kwalekwalen fa?"

"Mota ce yanzu. Ja."

"Tsohon mai rini?"

"Masana'anta gare shi, yana shan taba a ofis mai bene."

"To wa ya rage, Attahir?"

"Labarin ya rage mana! Kuma an gyara shi. Yarinyar ta gaji da jira, ta auri likitan garin. Ta yi hankali."

"Wannan ba Dado ba ce. Wata ce ta ari zanenta."

Gwaggo ta leƙo. "Sun cire uwar? Wadda ta sai da awarwaronta? Kai, Turawa ba su da ta ido."

"Gwaggo, wajena kika zo taimako ko wajenta?"

"Wajenka, ɗan nan. Amma uwar ba ta yi musu komai ba."

Attahir ya yi murmushi, sannan fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ruƙayyatu, ki saurare ni. Na tambaya a Damagaram. Kwara, Balaraben nan da ke da motar silima, ya daina kawo na Indiyan nan, na Turawan zai riƙa zagayawa da shi. Kashi na uku ba zai zo ba, ko bana ko baɗi. Ni ban iya maganar da ke sa mata kuka ba. Abin da na faɗa shi ne a rubuce, ba ƙari. Shekara biyu ina zuwa. Ban taɓa aiko miki Buzu ba, da ƙafata nake zuwa."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Ta dube shi.

"Na sani. Ba ka da abin zargi, Attahir, shi ya sa ba zan cuce ka ba. In na shiga gidanka zan dafa, zan share, zan gaishe ka da ladabi. Amma duk motar da ta yi kuka a waje sai ka dubi fuskata. Kana son haka?"

Attahir ya mai da tabarau a ido. Da kamiyo ya tashi komawa Tanut ya hau, Gwaggo kuwa ta ce ita sai ɗan'uwanta ya zo.

* * *

Kwana bakwai ɗin nan Ruƙayyatu ta koyar da lissafi, ta koyar da karatu, ta raba faɗan yara, ba wanda ya ga alama. Gwaggo kaɗai ta lura tuwo na kwana a kwano.

Ran kasuwa da hantsi kamiyo ya shigo. Wannan karon ta leƙa.

Mahaifinta ne a gaba kusa da direba, ya sauko da sandarsa, ya nufi gidan mai gari gaisuwa kamar yadda ya saba. Daga can saman buhunan gero kuma wani ya diro, rungume da gwangwanaye uku masu faɗi kamar faifai. Ya rame. Rigarsa ta koɗe. Tafiyar ce kawai ba ta canza ba.

Allin da ke hannunta ya karye.

Ta sallami yara tun lokaci bai yi ba. Ya tsaya gindin aduwa, ita ta tsaya nesa da shi, Gwaggo ta jawo kujerarta tsakani ta zauna.

"Malama."

"Buzun naka ya mutu ne, ka zo da kanka?"

"Ruƙayyatu..."

"Shekara biyu, Idrisa! An kawo ni inda ko mai sai da littafi babu. Na sha ruwan rijiya mai kanwa har haƙorana suka saba. Na yi zazzaɓi kwana goma sha ɗaya, matar mai gadi ce ta yi jinyata. Aka yi bikin ƙannena ina zaune kamar baƙuwa, ana nuna ni da baki. Ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya. Kai kuma abin da ka iya, kashi na uku bai zo ba!"

Sai a nan kukan ya ƙwace mata, wanda ta hana mahaifinta gani.

"Da me zan zo?" in ji shi a hankali. "An ce ni maƙaryaci ne. In na aiko miki magana mai daɗi, ta zama shaida a kaina. Na nemi abu ɗaya da na tabbata gaskiya ne, shi na riƙa aikowa."

Ya durƙusa ya ajiye gwangwanayen.

"Ga shi ya zo. Ashe ya fi shekara a sito, Kwara ya ƙi fito da shi. Da na Turawan ya iso ya ce in kwashe tsofaffi in zubar. Na ce zan zubar da su a Belbeji. Ya ce in na tafi kada in dawo."

"Ka bar aikin?"

"Sabon ba ya bukatata. Na kalle shi sau biyu. Suna magana fuskarsu ba ta motsi, ban ga abin da zan karanta ba."

"To ina injin da za a kalla?" in ji Gwaggo, ta riga ta matso da kujera.

"Babu inji, Gwaggo. Kuma akwai abin da ya fi wannan."

Ya buɗe gwangwani na ƙarshe. Zafin sito ya narkar da fim ɗin, ya manne ya dunƙule kamar alewar da ta kwana a rana. Ƙarshen labarin ke nan, ba mai sake ganinsa.

Ruƙayyatu ta dube shi, ta share ido da bayan hannu, ta shiga aji. Ta fito da gilashin da take nuna wa yara ƙafafun fara da shi. Idrisa ya warware bakin fim ɗin gwangwani na farko ya ɗaga shi sama wajen haske. Ta kara gilashi.

Ga Dado, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, tsaye a bakin kogi. Ta ɗan tsufa. Zanen nan dai ne.

"Wayyo 'yar nan, ta rame," in ji Gwaggo da aka miƙa mata. "Ba ta ci ne?"

Suna ja suna dubawa, hoto bayan hoto, har ba su ji takun sanda ba.

"Salamu alaikum."

* * *

Idrisa ya zube ƙasa. Ruƙayyatu ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Sannu da zuwa, Baba."

Malam Jibo ya zauna a kujerar da Gwaggo ta bar masa. Ya dubi gwangwanaye, ya dubi mai su.

"Tun daga Tanut nake jin ƙarar kwanonin nan a bisa kaina. Uwata, an gaya miki abin da ya kawo ni?"

"An gaya mini. Amsata ba ta canza ba, Baba. Ba zan auri wanda ba ka yarda da shi ba, ba kuma zan auri wanda ban so ba. In zama a Belbeji ne, zan zauna har in koyar da jikokin yaran nan."

"Taurin kan nan na uwata ne, ba na musu." Ya miƙa hannu. "Ba ni gilashin."

Ya ja fim ɗin a hankali tsakanin yatsunsa, yana dubawa, yana wucewa. Can ya tsaya. Ya daɗe a kan hoto guda. Ruƙayyatu ta miƙa wuya ta bayan kafaɗarsa: tsohon mai rini ne kwance a gado, Dado durƙushe gabansa. Kafin idonta ya sauka kan rubutun, Malam Jibo ya ɗora babban yatsa ya rufe shi.

"Kai, mai Indiyanci. Zo ka duba. Me tsohon nan yake ce wa ɗiyarsa?"

Idrisa ya matso da gwiwa ya duba.

Ruƙayyatu ta zuba masa ido. Ta san abin da bakin nan zai iya. Faɗi, take cewa a ranta, faɗi irin wadda ta sa Tanut kuka, faɗi wadda za ta karya masa zuciya. Ta ga leɓensa ya motsa. Ta ga maganar ta zo masa, ta san alamar, kafaɗarsa kan ɗan sauka in zai zama tsoho.

Sai ya mai da gilashin.

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba?"

"Ba na jin Indiyanci. Ban taɓa zuwa ko Agadas ba, balle hanyar Makka. Rubutun ma ban iya ba. Ina da abin da nake so ya ce, amma nawa ne, ba nasa ba."

Ruƙayyatu ta runtse ido. Shi ke nan, ya miƙa wuya da kansa. Gwaggo ta soma salati ƙasa-ƙasa.

Wata akuya ta zo ta sunsuni gwangwani, Gwaggo ta kore ta.

"Shekara ashirin ina tafinta," in ji Malam Jibo, ba ya kallon kowa. "Akwai ranar da wani Bafillace daga Ollelewa ya yi wa kwamanda dogon bayani. Rabin Fillancinsa ban gane ba. Ga gardi, dogarin kwamanda, tsaye, ga mutane sun zuba mini ido, an san ni da jin kowane harshe. Sai na cike da abin da na ga dama. Aka tafi da shi aikin tilas na gina hanya. Ban sake ganinsa ba." Ya juya ga Idrisa. "Kalma ukun nan da ka faɗa yanzu, a shekara ashirin ban iya faɗinsu ba ko sau ɗaya."

Gwaggo ta saki baki. Ita ma ba ta taɓa jin wannan ba.

Ya ciro 'yar wuƙar da yake yanke farce da ita, ya yanke hoton nan guda daga jikin fim ɗin, ya sa a aljihun gaba. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Ba ka da aiki yanzu, ko?"

"Babu, Baba."

"To ka nemo. Ka kuma je Tanut ran Juma'a, ka tsaya ƙofar masallaci ka gaya wa mutane abin da ka gaya mini. Da muryarka, ba ta wani ba. In ka yi, kawunka ya san hanyar gidana. Ban ce na ba ka ba. Na ce ya zo."

Idrisa ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Ruƙayyatu ta bi mahaifinta har bakin shingen lakwal, ta riƙe masa gefen riga kamar tana 'yar shekara biyar.

"Baba, don Allah. Me tsohon ya ce mata?"

Ya dafa aljihunsa. Ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Na daina tafinta, uwata. Je ki ba baƙonki ruwa."